Kwas ɗin kwaminisanci na dole a jami'a: abin da na gani

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace a mayar da aƙidar kwaminisanci kwas na dole ga duk ɗalibin jami'a. Ni dai ban goyi baya ba, amma ba don tsoron da wasu ke yi cewa karanta Karl Marx, jagoran wannan aƙida mai neman a mayar da masana'antu da gonaki mallakar jama'a baki ɗaya, zai lalata tarbiyyar matasa ba.

Na yi karatun injiniya a ƙasar Sin, inda wannan abu doka ne. Mu baƙi an ɗauke mana, aka ba mu darasin harshe da na sanin ƙasar. 'Yan ƙasa kuwa ba makawa sai sun ɗauki darasin tushen Markisanci, wato koyarwar Marx, da na tunanin Mao Zedong, jagoran da ya kafa mulkin kwaminisanci a Sin. Nakan bi wani abokina in zauna. Zaure maƙil, malami na ta bayani da lasifika, amma kujerun baya ake rububi: wannan na aikin lissafinsa, wancan ya kifa kai yana sharar barci. Ana saura mako guda jarrabawa sai ka ga kowa da ɗan littafin taƙaitawa, yana kai-komo a barandar laburare yana hadda da ƙarfi. Kuma ba sa wasa da ita, domin ko mai neman gurbin digiri na biyu sai ya rubuta takardar siyasa mai maki 100. Suna ci kuwa. Sai dai ranar da na tambayi abokin nan yadda Marx ya ce mai masana'anta ke cin gumin ma'aikaci, tiryan-tiryan ya karanto mini jimlar littafi, misali ko ɗaya ya gagara.

Tarayyar Sobiyet ma ta gwada. Tun shekarun 1960 likita da injiniya duk sai sun ci kwas ɗin da suke kira kwaminisanci na kimiyya kafin su fita. Waɗannan ɗaliban ne manyan ƙasa a 1991 da tarayyar ta wargaje, kuma ba a ga sun yi tururuwar fitowa kare ta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne jarrabawa. In ɗalibi ba zai iya rubuta cewa Marx ya yi kuskure ya kuma ci maki ba, wa'azi ake masa. Haka nan in an kafa kwas ɗin don a la'anci aƙidar kawai.

Ɗalibin tarihi, tattalin arziki ko kimiyyar siyasa kam dole ya san ta, ba ya fahimtar ƙarni na 20 ba tare da ita ba. A ba shi ƙasidar da Marx da abokin aikinsa Engels suka fitar a 1848, gajera ce, zama ɗaya ya isa, a haɗa masa da littafin masanin tattalin arziki Adam Smith na 1776 ya ji ɓangaren jari-hujja. Ya karanta juyin juya halin 1917 da yadda aka yaƙi jahilci a Rasha bayansa, ya kuma karanta yunwar Yukiren ta 1932 zuwa 1933, da wadda ta kashe miliyoyi a Sin wajen 1960, da ta'asar shugaban 'yan kwaminis Pol Pot a Kambodiya daga 1975 zuwa 1979. Sauran ɗalibai, makonni biyu ko uku cikin kwas ɗin gama-gari kan tsare-tsaren mulki sun wadatar. Wanda abin ya ja hankalinsa ya je ya ɗauki cikakken kwas ɗin a matsayin na zaɓi.