Kafin ka sa almakashi a jikin gwanjo

Tambaya biyu ka haɗa mini. Ta farko, ko za ka iya koyon yanka da ɗinki da kayan gwanjo tunda kuɗin sabon yadi ya fi ƙarfin aljihunka. Ta biyu, me ya sa jakar da ka haɗa da ƙafar jins da bayan tsohuwar shat ta karkace, ɗinkin kuma ya tattare. To jawo benci ka zauna, yarona.

Za ka iya, ni na ma fi so ka fara da shi. Yaron da aka miƙa wa shaddar mutane ya yanka, hannunsa rawa yake yi, kuma mai tsoro ba ya koyon yanka. Zanin gado na gwanjo kuwa ko ka ɓata shi ba wanda zai zo ya tsaya maka a ƙofar shago ranar jajiberin Sallah. Sai dai ka sani tsohon yadi ya fi sabo wuyar sha'ani. Sabo duk jikinsa ƙarfi ɗaya ne. Tsoho wani ya sa shi, ya yi gumi a ciki, ya zauna a kai, an wanke an shanya a rana ba adadi, wani wurin da sauran ƙarfi, wani wurin ya riga ya mutu. Rabin aikin kafin ka taɓa almakashi ake yin sa.

In ka shiga layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, kada ka bi samari wajen rububin rigunan da aka rataye. Su sawa za su yi, kai yadi ka je saye. Nufi tulin da aka zube a ƙasa bayan an gama zaɓe. Shat ɗin da ke da tabo a ƙirji ko wuyanta ya cinye, mai sawa ba ya kallonta, kai kuma bayanta da hannayenta kake so, a araha za ka same ta. Ka fi ba da ƙarfi kan manyan abubuwa: zanin gado, rigar bargo, mayafin teburi, siket mai faɗi, shat ta ƙaton mutum. Labule yana da ruɗi, ga faɗi ga kyau, amma gefen da ya daɗe yana kallon taga rana ta cinye shi. Duk abin da ka ɗauka, ɗaga shi ga haske ka duba inda ya yi shara-shara, sannan ka kama da hannu biyu ka ɗan fizga. In ka ji zare na tsinkewa ƙasa-ƙasa, ajiye musu kayansu. Mai ɗigo-ɗigon baƙin funfuna shi ma bar shi, ba ya fita.

Sai sanin da me aka saƙa shi. Galibin kayan gwanjo akwai 'yar takarda a ɗinkin gefe daga ciki da ke faɗin kashi nawa ne auduga, kashi nawa ne roba. In ta goge, zaro ɗan zare daga cikin kalmasa ka fita waje ka sa masa ashana, ban ce a cikin shagon nan ba. Auduga tana ci da wuta, warinta na ƙonanniyar takarda ne, tokarta kuma murmushewa take yi a yatsa. Na roba narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. In ka ji ƙaurin gashi, ulu ne. Kai auduga za ka nema a yanzu, don ita ce ke zama inda ka ajiye ta a ƙarƙashin allura, tana kuma jin guga.

Da ka dawo gida, wanki. Warin dila kaɗai ya isa dalili, amma akwai wanda ya fi shi. A ruwa ne za ka gane mai zuba, shi ya sa ake jiƙa masu duhu daban. Sannan auduga tana tsukewa a wankin farko. Gwanjo ya gama tsukewarsa tun a hannun mai shi, ƙyallen sabuwar atamfa kuwa bai ko taɓa ruwa ba, ga sitaci a jikinsa. In ka haɗa su haka, ranar da aka wanke ɗaya zai ja ɗaya ya tsaya, aikin ya kumbura. Jiƙa sabon ƙyallen ya bushe tukuna.

Farkewa kuma a yi ta yadda mahauci ke feɗe rago, ya san inda tsoka take, ya san abin zubarwa. Cire maɓallai da zif ka zuba a gwangwani, wata rana za ka gode mini. Wuyan shat, hammata, gwiwar hannu, duk tsumma ne. A jins, gaban gwiwa ya riga ya buɗe ya yi tulu, ko ka goge ba zai kwanta ba, mazaunai kuma sun side. Wuri mai kyau shi ne bayan ƙafa, daga ƙasan aljihu zuwa saman kalmasa. Aljihun baya kada ka farke shi, yanko shi da yadin da yake kai, ka samu aljihun jaka a ɗinke. Duba wannan ɗinkin na cikin ƙafa, ka ga bayansa kamar sarƙa? In ka kamo bakin da ya dace ka ja, shi kaɗai zai warware har ƙarshe. Inda ba haka ba, bi gefen ɗinkin da almakashi kawai, rabin incin da za ka ceto da reza bai kai lokacinka ba, kuma ramukan tsohuwar allura suna nan, nan ne farkon wurin yagewa. Bayan haka ka goge kowane yanki ya kwanta sosai. Yadin da ba a goge ba, awonsa ƙarya ne.

Yanzu ga maganar jakarka. Miƙo wancan ƙyallen. Ja shi ta tsawo: ka ji bai motsa ba. Ja ta faɗi: ya ɗan ba da kai. To ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka ga yadda ya miƙe? Kowane saƙaƙƙen yadi haka yake, zaren tsaye da zaren kwance, ƙarfin yana wajen na tsaye. A sabon yadi bakin da ya fito da shi daga masaƙa shi ke nuna maka hanya. Gwanjo ba shi da wannan bakin, kai za ka nemo. A riga zaren tsaye yakan bi daga wuya zuwa ƙasa, a wando daga ƙugu zuwa idon sawu. In kana shakka, zaro zare ɗaya daga gefe zuwa gefe, layin da ya bari shi ne miƙaƙƙe, daga nan za ka fara awo da alli.

Fuskar jakarka ta jins ka yanka ta daidai. Ta shat ka karkatar da ita don ka kauce wa tabo, ga alamar nan, layukan jikinta sun kwanta. Keke na ja, gefe ɗaya na miƙewa, ɗayan na tsaye, dole ta murɗe. Ƙari a kan haka, jins ɗin nan irin mai roba ne a ciki, yana talewa, shat ɗin ba ta talewa, kuma ɗaya ya ninka ɗaya kauri. Mai nauyi da mai nauyi ake haɗawa, marar nauyi da ɗan'uwansa. Shat ɗin nan shafi ya kamata ta zama a ciki, ba fuska ba. Allurar ma lamba 14 ka bari a keken, ta atamfa da shat. Jins lamba 16 yake so, mai kauri sosai 18, ka kuma ƙara tsawon takun ɗinkin. Inda ɗinki ya hau kan ɗinki ya yi tudu, ɗan bubbuga shi da guduma, ka juya keken da hannu har ka wuce wurin. Zare kuma sabo za ka saya, a nan ba a tsimi.

Abin da za ka fara da shi rigar filo ce, layi huɗu miƙaƙƙu, har sai ƙafarka da hannunka sun daidaita. Daga nan jaka mai shafi. Sannan ka shiga haɗa ƙyallaye, wanda shi ne makarantar gaske. Yanki kwali inci 5 ta kowane gefe ka riƙa zana shi. In ka ci rabin inci a kowane ɗinki, kowane gida zai tashi inci 4, gida 16 su ba ka fuskar filo mai inci 16. Haɗa su layi-layi, ka goge kowane ɗinki kafin ka ɗora wani. Nan ne za ka gane ko hannunka yana da gaskiya, domin kuskuren kwatan inci in ya maimaitu sau huɗu ya zama inci guda, kusurwoyi su ƙi haɗuwa, kowa ya gani. Rigunan nan masu talewa irin na 'yan ƙwallo ka bar su tukuna, bakinsu naɗewa yake yi, keken Butterfly ɗin nan kuma tsallake musu ɗinki yake yi.

Kada ka raina kayan gida. Tsohon zanin atamfa na iyaye mata, musamman irin wanda aka buga a Kakuri zamanin da masaƙun Kaduna ke aiki, auduga ce zalla, ta yi laushi, tsakiyar ce kawai ke sidewa saboda zama. Amma ka tambayi Inna kafin ka taɓa, wani zanin na lefenta ne, ko ya tsufa ba na yankawa ba ne.

In ka fara sayarwa, faɗa wa mai saye daga gwanjo ka yi shi, mai so zai saya. Ƙyallen shago kuma ga ƙa'idata: duk ragowar da za ta iya fitar da ɗankwali ko rigar jariri ta mai kaya ce, a naɗe a sa masa cikin leda tare da ɗinkinsa. Ƙananan da ke cikin buhun nan na ƙarƙashin teburi, waɗanda masu su suka ce a bar su, ɗebi yadda kake so. Keken kusurwa ba mai hawa bayan la'asar.