Katsun Japan a eya firaya: amsa ga mai son zuba kuɗin adashenta

Wata 'yar kasuwa daga Kaduna ta aiko da tambaya. Tana sayar da samosa, sifirin rol da fankasau bisa oda daga gida, kuma ta kwashi adashe na naira dubu 400. Ta ce ta ga bidiyon wani abincin Japan mai suna tonkatsu, naman da ake yi wa riga da garin burodi, an gasa shi a na'urar suya da iska mai zafi, wadda ake kira eya firaya a kasuwa. Tana so ta sayi na'urar guda uku, ta bar suya da mai saboda tsadarsa, ta riƙa tallata abin da sunan "suya babu mai". Daga baya ta gano cewa da naman alade Japanawa ke yin sa. Tambayarta biyu ce: shin wannan zai ɓata mata ciniki, kuma shin ta sayi na'urorin?

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka a cikin wannan kuɗi. Amsata a taƙaice ita ce abincin ya cancanci ki gwada shi, amma kada ki sayi na'ura uku. Ki sayi ɗaya. Zan faɗa miki dalili, kuma zan nuna miki inda nake ganin ribar take, domin ba a inda kika sa ido take ba.

Mu fara da maganar alade, tunda ita ce ke damun ranki. A Japananci "ton" alade ne, "katsu" kuma gajarta ce ta "katsuretsu", wato yadda suka furta sunan da Turawa ke kiran yankakken nama mai faɗi. Abincin bai tsufa sosai a ƙasar ba. Japanawa sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ƙauracewa naman dabbobi masu ƙafa huɗu saboda tasirin addinin Buddha, sai a 1872 Sarki Meiji ya ci naman shanu, aka sanar wa jama'a, gidajen abinci irin na Turai suka fara yaɗuwa. Ana danganta farkon wannan suya ga gidan abinci na Rengatei da ke unguwar Ginza a Tokyo, a 1899, inda suka ɗauki salon Faransawa na soya yankakken naman maraƙi, suka mayar da shi na alade, suka tsoma shi cikin mai mai yawa, suka haɗa da yankakken ɗanyen kabeji.

Abin da ya shafe ki a wannan tarihi shi ne, dabarar ba ta alade ba ce. A Japan ɗin ma ana yin katsun kaza, ana yin na naman shanu, wanda ya yi suna a Osaka da Kobe. Idan kika yi da kazar da aka yanka bisa ƙa'ida, ba ki ha'inci kowa ba, ba ki kuma ƙirƙiri abin da babu ba. Amma kalmar tonkatsu kada ta fito a allon tallarki ko a shafinki ko sau ɗaya. Ki rubuta "katsun kaza". A garinku mutum ɗaya ya isa ya bincika kalmar a waya, ya ɗauki hoton tallarki, ya tura zauren WhatsApp na unguwa, kuma bayanin da za ki yi daga baya ba zai kai inda hoton ya kai ba. Samosarki ma sai ta shafa. Haka nan ki lura da kayan haɗi. Wasu girke-girken Japan, musamman katsudon, wato katsu da ƙwai a kan shinkafa, ana zuba musu ruwan girki na shinkafa iri biyu masu suna "mirin" da "sake", kuma dukkansu barasa ce a ciki. Mirin na asali yana da kusan kashi 14 cikin 100. Miyar da ake ɗiga wa katsu kuwa kina iya haɗa ta da kecaf, miyar Worcestershire, miyar waken soya da ɗan sukari, bayan kin karanta abin da aka rubuta a jikin kowace kwalba.

Yanzu ga lissafi, wanda shi ne ainihin aikina.

Eya firaya ba soya abu take yi ba. Ƙaramar tanda ce mai fanka, tana hura iska mai zafi a jikin abinci. Kamfanin Philips ne ya fito da ita a baje-kolin kayan lantarki na Berlin a 2010, kuma domin ɗakin girkin gida aka ƙera ta, inda uwargida za ta ciyar da mutum uku ko huɗu. Katsu ba ya yarda a ɗora wani kan wani a cikinta, saboda duk inda iska ba ta taɓa ba garin burodin zai zauna fari, ya yi danƙo. Kwandon matsakaiciyar na'ura yanka biyu yake ɗauka cikin walwala. Kowane zubi yana cin minti 12 zuwa 15 a zafin digiri 190 zuwa 200, da juyawa sau ɗaya a tsakiya. Yanka takwas ke nan a awa. Na'ura uku, yanka 24, idan wuta ba ta ɗauke ba, kuma idan akwai mai tsayawa a kansu.

Ki kwatanta da kaskon da kike soya samosa a ciki yanzu. Mai ya kai digiri 170 zuwa 180, kin zuba yanka huɗu, cikin minti biyar zuwa shida sun yi. Ko kin bar tazara don man ya dawo da zafinsa, za ki kai 30 a awa. Kaskon da kin riga kin mallaka ya fi na'urorin da za ki kashe adashenki a kansu sauri. Kin fi ni sanin cewa cinikin abinci ba ya zuwa a shimfiɗe. Oda takan taru tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi na rana, ko dab da magariba. Wadda ta ce ki kawo mata yanka 40 na walima ba za ta jira awa biyu ba.

Sai wuta. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,400 zuwa 1,800. Mu ɗauki 1,500. Zubi ɗaya na kwata awa zai ci yunit 0.375. A farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta sanya wa 'yan rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, a Afrilun 2024, naira 84 ke nan, wato naira 42 kan kowane yanka. An taɓa farashin bayan nan, don haka ki duba abin da mitarki ke cira, amma ko ya ya ne wannan ba kuɗin da zai karya ki ba ne. Matsalar ita ce ranar da babu wutar. Ƙaramin janaretan da ake kunna fitila da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, ko na'ura ɗaya ba zai tayar ba. Guda uku a tare wat 4,500 ne, kafin a sa firiza. Sai babban janareta, wanda kuɗinsa kaɗai zai iya haɗiye abin da kika kwasa, ga fetur kullum. Ko da wutar NEPA, soket mai fis na amp 13 iyakarsa kusan wat 3,000, saboda haka jona biyu ko uku a waya ɗaya neman gobara ne. Idan kuma na gwanjo za ki saya, ki duba bayanta. Kayan Japan na bolt 100 ne, na Amurka 120, mu kuwa 230 muke amfani da shi. Kina jonawa za ta ƙone.

Game da mai, ina ganin kin ɗora masa laifin da ya fi nasa. Jarkar da kike zubawa a kasko ba ita ce kuɗin man kowane yanka ba. Ki auna abin da ya ragu bayan suya, ki haɗa da wanda kika zubar don ya yi baƙi, ki raba da adadin abin da kika soya. Wannan ne ainihin kuɗin. Gaskiya ne garin burodi yana kashe mai da wuri, domin ɓurɓushinsa na faɗawa ƙasan kasko ya ƙone, amma matsami mai ƙananan ramuka a hannu da tacewa bayan kowane aiki suna tsawaita ransa. Kuma kalmar "babu mai" ki bar ta. Katsu a eya firaya sai an fesa masa mai sama da ƙasa, masu yin sa da kyau ma sukan fara toya garin burodin da cokali ɗaya ko biyu na mai a busasshen kasko har ya yi ja kafin su yi wa naman riga, don in ba haka ba fari fat zai fito kamar bai gasu ba. Ki ce "mai kaɗan". Gaskiya ce, kuma ta isa ta ja mai hawan jini da mai son rage ƙiba.

Akwai wani abu da bidiyo ba ya nunawa. Duk darajar katsu tana cikin garas-garas ɗin rigarsa. A Japan a kan ƙaramar ragar ƙarfe ake kawo shi a faranti, don kada tururinsa ya jiƙa ƙasansa. Ke kuma a robar tekawe za ki rufe shi, ɗan aike ya ɗaura a bayan babur daga Unguwar Rimi zuwa Barnawa. Kafin ya isa tururi ya gama da shi, kuma na eya firaya ya fi saurin yin laushi ko bushewa. Idan dole sai an kai, kwalin takarda mai huji ya fi roba, miya a ƙaramin mazubi daban, kabeji daban. Mafi sauƙi shi ne ki bi hanyar da Japanawa suka riga suka bi: katsu sando, wato katsu a tsakanin yankan burodi biyu da miya, wanda ake sayarwa a tashoshin jirgin ƙasa ana ci da sanyinsa, ko katsu da miyar kori a kan shinkafa, inda ba wanda zai yi ƙorafin laushi.

To ina ribar take? Ki tambayi kanki mata nawa ne cikin kwastomominki suke da eya firaya a gida, ta kayan ɗaki ko ta kyauta, tana zaune a kan kanta ba a san abin da za a sa mata ba. Abin da suke gudu shi ne wahalar: fere ƙirjin kaza, buga shi ya yi faɗi daidai, gishiri da masoro, fulawa, ƙwai, garin burodi, ga wanke-wanke. Wannan wahalar ita za ki sayar musu. Ki shirya katsun ɗanye, ki jera a tire ya daskare, ki ƙulla huɗu-huɗu ko shida-shida da takarda a tsakani, ki manna bayanin zafi da mintoci a jiki. Na'urarsu ce za ta yi aiki, wutarsu ce za ta tafi, kuma za su ci shi da zafinsa yana garas-garas, abin da ba za ki taɓa iya kai musu a babur ba. Kin riga kin san wannan ciniki, domin haka ake sayar da ɗanyen samosa, musamman gab da azumi. Kina iya yin aikin da safe ko da dare, ba sai lokacin da oda ta matse ki ba.

Sai dai ɗanyar kaza ba ta da wasa. Idan ta narke ta sake daskarewa, za ki iya kwantar da gida guda a asibiti. Firizarki dole ta riƙe sanyi, kai saƙo kuma a kula da ƙanƙara. A bayanin ki rubuta cewa daskararre yana buƙatar ƙarin mintoci, kuma tsakiyar naman sai ya kai digiri 74. Ki sayi ɗan ma'aunin zafin nama, kuɗinsa kaɗan ne, ki tabbatar da mintocin da kanki kafin ki buga su. Ranar da kika so ki kai kayan shaguna da sunanki a jiki, sai da rajistar NAFDAC. Ki sa wannan a lissafin gaba.

Garin burodin, wanda suke kira panko, kada ki dogara da na kanti da ake shigowa da shi, zai cinye ribar. Ki sami burodi mara sukari sosai, ki yanke ɓawon, ki goga shi da manyan ramukan magogi, ki shanya ya sha iska. Manyan ɓarɓashi ake so, ba gari mai laushi ba. Burodinmu mai zaƙi yana saurin ƙonewa a mai, ko da yake a eya firaya wannan sukarin yana taimaka masa ya yi ja. Kaza kuwa, kowace ƙirji biyu gare ta, in kin tsaga su yanka huɗu ne. Cinya da aka zare wa ƙashi ma tana yi, ta ma fi jure bushewa. Idan kaza sukutum kike saye, fukafukai da ƙasusuwa sai kin nema musu mafita, ko soyayyiya da yaji ko farfesu, in ba haka ba yanka huɗun nan ne za su ɗauki kuɗin kazar duka, farashinki ya fi ƙarfin kasuwa.

Ga yadda zan raba kuɗin da nawa ne. Na'ura ɗaya sabuwa mai faɗin kwando, don gwaji, ɗaukar bidiyon talla, da 'yan odar masu son mai kaɗan, waɗanda za ki ƙara wa farashi saboda lokacin da suke ci. Ma'aunin zafi, sikeli da ledojin ƙulli. Kajin gwaji na wata ɗaya. Ragowar, wanda bai kamata ya gaza rabi ba, ki bar shi a ajiye. Idan abin ya karɓu firiza ce za ki fara buƙata, ko hanyar riƙe mata wuta, kafin na'ura ta biyu.

A cikin watan, ki buɗe shafi a littafinki mai gida uku: wanda aka soya a kasko, wanda aka gasa a na'ura, da daskararre. Ki rubuta nawa aka saya, nawa kowane yanka ya ci miki har da leda da kuɗin aike, da kuma mutum nawa suka dawo karo na biyu ba tare da kin tuna musu ba. Ki aiko min da shafin a ƙarshen wata, mu zauna a kan farashi.