Me ya sa waƙar Japan ɗaya take fitowa a faifai iri-iri?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga faifan AKB48, ƙungiyar mawaƙa 'yan mata ta Japan, mai suna ɗaya amma bangonsa kala-kala, kana tambayar wanne ne na asali. Duk na asali ne.

A Japan har yau ana sayen faifan CD sosai, jadawalin Oricon kuma, wanda ke jera faifan da suka fi ciniki, yana ƙirga yawan kwafin da aka sayar. Shi ya sa kamfanoni suke fitar da singil ɗaya, wato ƙaramin faifai mai babbar waƙa da wasu 'yan rakiya, a nau'in A, B da C. Babbar waƙar ba ta canzawa. Waƙoƙin rakiyar, hoton bango da bidiyon ciki su ne suke bambanta. AKB48 har tikitin zuwa gaisawa da mawaƙan sukan saka, sai mutum ɗaya ya kwashi kwafi da yawa. Wannan tsarin yana damuna ƙwarai, domin yawan ciniki ya daina nuna kyan waƙa.

In sauraro ne damuwarka, albam ya fi maka riba, tunda yana haɗa waƙoƙin da suka fita da sababbi. Ka fara da First Love na Utada Hikaru, na 1999, wanda ya fi kowane albam ciniki a tarihin Japan, sama da kwafi miliyan 7.

Amma ka kula. CD yana aiki ko'ina, DVD kuwa, wato faifan bidiyo, an raba shi yanki-yanki na duniya: na Japan na yanki na 2 ne, Najeriya tana yanki na 5, don haka wata na'urar ba za ta karanta shi ba. Kafin ka yi odar mai tsada, tuntuɓi dillalin da ya saba shigo da kaya, ya faɗa maka kuɗin jigila da na kwastan.