Amsa kan editan da ke ta soke gyaran mutane a Wikipedia

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya da safe, na ji saƙonka. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ya yi akwai wani edita a Wikipedia ta Hausa da ya sa shi gaba. Duk gyaran da ɗan'uwan ya yi a wata muƙala sai editan ya soke, yana cire madogara, wato majiyar da ke tabbatar da bayani, yana zuba fassarar inji ba tacewa, da aka yi masa magana kuma ya maido da baƙar magana. Shi ne yake tambaya ko mu taru a sa a toshe shi, wato a hana shi yin gyara. Muryar za ta ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

To ɗan'uwa, fara raba abu biyu da ka cakuɗa. Akwai saɓani kan abin da ke cikin muƙala, akwai kuma halin edita. Wace shekara aka naɗa sarki kaza, yaya ake rubuta sunan gari kaza, wannan madogarar ta inganta ko ba ta inganta ba, duk wannan saɓanin rubutu ne, kuma admin, wato mai gudanarwa da ke iya toshe asusu ko kulle shafi, ba shi da hurumin yanke wa ke da gaskiya a ciki. Hali shi ne soke gyara a kai a kai ba tare da magana ba, zagi, bin mutum daga shafi zuwa shafi, cire madogara ba dalili. Na biyun ne kawai ake kai ƙara a kansa. In ka je wa admin da na farko, shafin tattaunawa zai sake tura ka.

Sannan ka kiyaye kiransa maɓarnaci. A tsarin Wikipedia ɓarna ita ce wadda aka yi da gangan don a lalata, kamar goge shafi dungurum ko cusa ashar. Mai zuba fassarar inji sau da yawa gani yake taimako yake yi. Aikinsa na iya zama damuwa, amma in ka kira shi maɓarnaci a rubuce, ka ba shi abin da zai riƙe a kanka.

Abin da za ka yi yau ɗin nan shi ne ka daina maido da gyaranka. Na san da ciwo, amma ba abin da ya ɓace, kowane tsohon rubutu yana nan a tarihin shafin. A Wikipedia ta Turanci akwai dokar soke uku: edita ba zai soke gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ba, na huɗu ya karya doka, kuma yawanci toshewar awa 24 ce a karon farko. Ko rabin gyaran mutum ka soke ana ƙirga shi. Ukun ma ba wai rabonka ba ne da za ka cinye kullum. Wanda ke soke biyu yau, biyu gobe, biyu jibi, shi ma yaƙin gyara yake yi, haka wanda ya jira awa 24 ta cika da minti biyar ya dawo. Dokar ba ta ƙirga soke ɓarna bayyananniya, da soke ƙazafi marar madogara a kan mutum mai rai, da soke gyaran kanka. Kowace Wikipedia da nata dokokin, ta Turanci ba ta hawa kan ta Hausa kai tsaye, amma duk admin da ya buɗe tarihi ya ga sunaye biyu suna musayar soke, ba ya tambayar wa ya fara. Ku biyun yake gani.

Daga nan sai magana, kuma wuri biyu ne. Batun muƙalar ka rubuta shi a shafin tattaunawar muƙalar. Batun halinsa ka rubuta a shafin tattaunawarsa shi kansa, don nan ne sanarwa ke zuwar masa. Ɗan taƙaitaccen bayanin da ake rubutawa wajen adana gyara ba tattaunawa ba ne, da yawa masu gyara da waya ba sa ma ganinsa. Ka yi sallama, ka nuna gyara ɗaya ko biyu, ka faɗi abin da ya ɓaci, ka faɗi abin da kake so ya yi. Misali, sakin layi na biyu fassarar ta juya ma'anar, don Allah a gyara shi a shafin gwaji kafin a dawo da shi. Ka sa hannu da alamar nan mai lanƙwasa (~) guda huɗu a jere, ita ke sa sunanka da lokaci. Sai ka ba shi kwana biyu ko uku, ba kowa ke da data da wuta kullum ba.

Yanzu hujja, nan ne ƙararraki da yawa ke mutuwa. Hoton sikirin ba hujja ba ne, don ana iya taɓa shi, kuma admin ba zai iya bin sawunsa ba. Abin da ake so shi ne linkin bambanci. Ka shiga tarihin shafin, ka zaɓi gyara biyu, ka danna kwatanta, shafi zai buɗe yana nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara, da sunan wanda ya yi da lokacin. Adireshin da ke sama shi za ka kwafa. Uku zuwa biyar masu ƙarfi sun isa: biyu na soke gyara, ɗaya na cire madogara, ɗaya na baƙar maganar, ɗaya kuma na inda ka yi masa magana cikin ladabi ya yi biris. Wannan na ƙarshen kar ka manta da shi, shi ne ke nuna ka nemi sulhu. Linki talatin ba wanda zai buɗe, admin ma ɗan sa-kai ne kamarka.

Sai maganar mu taru ɗin. 'Yan'uwa, wannan ku saurara da kyau, don ta shafi guruf ɗin nan. A waje sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a Wikipedia ba a ƙirga hannu, nauyin hujja ake dubawa. In ka turo linki nan ka ce ku je ku goya min baya, mutum goma suka je suka rubuta a toshe shi, a toshe shi, wannan gayya ce, kuma ita kanta laifi ce. Ana gane ta nan take: asusun da ba su taɓa taɓa muƙalar ba duk sun bayyana cikin awa ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Haka in ka ce wa abokinka ni na cika ukuna, kai je ka soke min na huɗu, za a iya ɗaukar ku tamkar mutum ɗaya. Kuma duk abin da muka yanke a WhatsApp ba shi da wani matsayi a can sai an tattauna shi a shafi inda kowa zai gani, har da shi wanda ake ƙorafi a kansa. Abin da ya halatta shi ne sanarwa marar ɓangare a zauren al'umma na Wikipedia ɗin, cewa ana tattauna kaza a shafi kaza, mai ra'ayi ya zo.

In magana ta ƙi ci, sai ka kai wa masu gudanarwa, a rubuce, a shafi. Gajere: sunan asusun, muƙalar, linkunan, abin da ka gwada. Ka sanar da shi a shafinsa cewa ka kai ƙara. Ka kuma sani za a buɗe naka tarihin, in kai ma ka yi zagi ko ka soke sau biyar, to ƙaiƙayi ne zai koma kan masheƙiya. Admin ɗin da shi ma yake cikin rigimar muƙalar bai kamata ya yi hukunci ba, wani za a nema.

Kuma toshewa ba ita kaɗai ce a hannunsu ba. Akwai gargaɗi. Akwai kulle shafi, ko dai ƙarami wanda ke hana marasa asusu da sababbin asusu, ko cikakke wanda admin kaɗai ke iya gyarawa. In aka kulle a kan rubutunsa kar ka ɗaga hankali, yadda aka tarar ake kullewa, ba wai an ba shi gaskiya ba ne. Tun 2019 akwai toshewar ɓangare, a hana mutum shafi ɗaya kawai ya ci gaba da aiki a sauran, kuma ga irin wannan matsalar ni ita na fi ganin dacewarta. Cikakkiyar toshewa ana farawa da gajere, a ƙara in ya maimaita. Ana yin ta ne don a tsayar da abin da ke faruwa, shi ya sa laifin wata biyu da ya wuce wanda ba a sake ba da wuya a toshe mutum a kansa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. In aka toshe asusu, tsarin kan toshe adireshin intanet ɗin da ya yi amfani da shi na awa 24. Layukan wayarmu kuwa mutane da yawa ne ke raba adireshi ɗaya, haka a taron horo kowa na kan waifai ɗaya. Sai ka ga wanda bai ji ba bai gani ba ya kasa gyara. Wannan ne ma ya sa zargin cewa mutum na da asusu biyu yake buƙatar hattara. Masu binciken asusu bayanan kwana 90 kawai suke iya gani, ba sa bincike don zato, sai ka kawo kamanni a aiki, kamar kuskuren rubutu iri ɗaya da muƙalu iri ɗaya. Ƙananan Wikipedia da ba su da nasu masu binciken, a Meta-Wiki, shafin da ke haɗa ayyukan Wikimedia duka, ake roƙon stiwod, wato 'yan sa-kai masu iko a kan duk Wikipediyoyin, su duba.

Wikipedia ta Turanci tana da kwamitin yanke hukunci tun Disambar 2003, tamu ba ta da shi. In abu ya gagari masu gudanarwa na gida, akwai ƙa'idar ɗa'a ta bai-ɗaya da Gidauniyar Wikimedia ta amince da ita a Disambar 2020, da kwamitinta da aka fara zaɓa a 2024. Taka matsalar ba ta kai can ba.

Abu biyu ne ba a bin waɗannan matakan a kansu. In ya yi barazanar cutar da wani, ka rubuta wa emergency@wikimedia.org nan take. In ya wallafa lambar wayar mutum ko adireshin gidansa, kar ka maimaita a shafi, kar ka turo linkin a guruf ɗin nan, ka nemi stiwod a ɓoye su ɓoye shi. Kai ma, ko ka san shi ido da ido, tunda mu ba mu da yawa kuma muna haɗuwa a taruka, sunan asusunsa kawai za ka kira, ban da sunansa na yanka ko inda yake aiki.

Don haka yau ka rubuta masa a shafinsa, ka haɗa linkunanka biyar ka ajiye, sai bayan kwana uku mu ga ko ya amsa. Wassalam.