Amsoshin tambayoyinku: sayen kwari da baka ga mai fara koyon harbi

Wani matashi daga Jidda ya rubuto cewa ya ga bakan nan mai gargare (wato mai 'yan tayoyi a bakinsa biyu da tsirkiya ke bi ta kansu) a intanet, wanda nauyin jansa ya kai fam 60, kuma tun da yana ɗaga ƙarfe a wurin motsa jiki, yana ganin ba zai gagare shi ba. Yana tambaya ko ya saya.

Ɗan'uwa, ina roƙonka ka dakata da wannan ciniki. Tsokar da ke jan tsirkiya tana bayan kafaɗa ne, tsakanin allunan baya, kuma ɗaga ƙarfe bai cika horar da ita ta wannan fuska ba. Mai koyo yana bukatar ya ja baka sau da yawa a zama ɗaya ba tare da hannunsa ya yi rawa ba, domin da maimaitawa ne jiki ke riƙe tsayuwa da ja da saki. Idan bakan ya fi ƙarfinka, kafaɗarka za ta ɗage, za ka riƙa sakin kibiya tun kafin ka gama bara, kuma wannan ɗabi'a ta fi ciwon kafaɗa wuyar magani. Babban mutum mai lafiya ya fara da fam 18 zuwa 24.

Bakan da nake ba ka shawara shi ne wanda ake kira rikab, mai lanƙwasassun baki biyu, kuma ka nemi irin wanda ake kwancewa gida uku: mariƙi a tsakiya da fikafikai biyu. Amfaninsa shi ne idan ƙarfinka ya ƙaru, fikafikan kaɗai za ka sauya, mariƙin yana nan. Irinsa ake harbi da shi a gasar Olamfik, daga nisan mita 70, a kan allo mai faɗin santimita 122, alhali da'irar maki goma da ke tsakiyarsa ba ta wuce santimita 12.2 ba. Shi kuwa mai gargaren, wanda Holless Wilbur Allen ya ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960, baka ne nagari, yana ma rage wa mutum fiye da rabin nauyi idan ja ya kai ƙarshe, amma sai an daidaita shi da tsawon hannun mai shi, gyaransa kuma yakan bukaci na'urar matse baka da ba kowane kanti ke da ita ba.

Kafin ka fitar da ko Riyal ɗaya, ka auna tsawon janka. Ka miƙe hannuwanka biyu, a auna daga kan yatsa zuwa kan yatsa da inci, a raba da 2.5. Wanda ya sami 70 ke nan jansa inci 28 ne, kuma a kan wannan tsawon ake rubuta nauyin da ke jikin fikafikai. Irin wannan mutum bakan inci 68 ne ya dace da shi, kibiyarsa kuma ta ɗara jansa da inci ɗaya ko biyu, saboda gajeriyar kibiya tana iya zamewa ta soki hannun da ke riƙe da baka. Mafi alheri ma ka fara zuwa wani kulob da ke ƙarƙashin hukumar wasan harbin kibiya ta Saudiyya, ka gwada bakunansu na aro a gaban mai koyarwa.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, mu kuwa a nan ya shafe mu ƙwarai. Fikafikan baka falle-falle ne na katako da zaren gilashi da aka manne da gam, kuma zafin cikin mota da aka ajiye a rana a Jidda ko Makka yana iya ɗaye su. Ka cire tsirkiya bayan kowane harbi, ka shiga da kayanka cikin ɗaki.

Wata uwa daga Madina ta ce ɗanta mai shekara goma ya dame ta da maganar baka tun ranar da suka ziyarci Dutsen Maharba a Uhudu, ita kuwa tsoron hatsari take yi.

Hajiya, tsoronki yana kan hanya, sha'awar yaron kuma abin a ƙarfafa ce, domin a wannan dutsen ne Manzon Allah (SAW) ya tsayar da maharba hamsin ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair. Ki nema masa baka mai fam 10 zuwa 14, da makarin damtse na fata, da fatar kare yatsu. Kada ya yi harbi a saman bene ko a lungun unguwa, sai a fili mai bango ko tudun yashi a bayan allo, kuma da babba a tsaye. Ki koya masa cewa ba a ɗana kibiya matuƙar akwai mutum a gaba, ba a kuma sakin tsirkiya babu kibiya a kanta, domin ƙarfin yakan koma cikin bakan ya tsaga shi. Hadisi ya tabbata cewa mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. Ki kuma tuna masa cewa farautar tsuntsu a cikin haramin Madina ko na Makka bai halatta ba.

Tambaya ta ƙarshe daga wani magidanci ce a Riyad, wanda ya riga ya sayi baka, amma tsirkiya tana dukan hannunsa har ya yi shati, kibansa kuma suna warwatsewa.

Malam, dukan tsirkiya yawanci daga riƙo yake. Kada ka damƙe mariƙin. Ka bar shi ya zauna a kan tsokar gindin babban yatsa, ka juya gwiwar hannunka ta dubi gefe maimakon ƙasa. Warwatsewar kibau kuwa alama ce ta cewa hannunka mai jan tsirkiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka ja da yatsu uku, ɗaya a saman gindin kibiya biyu a ƙasa, har manuniyarka ta taɓa kusurwar bakinka, kuma nan za ta riƙa zuwa kowane lokaci. Ka saki ta hanyar sassauta yatsu kawai, ka bar hannun baka a miƙe har ka ji kibiya ta sauka. Ka dawo kusa, kamar mita 10, kada ka damu da tsakiyar allo tukuna, sai kibanka sun fara taruwa wuri guda sannan ka matsa zuwa mita 18, wanda shi ne nisan gasar cikin ɗaki.