Amsa ga ƙanwarmu mai neman tarihin kakanta tsohon soja

Ƙanwata, Allah ya jiƙan tsoho, ya haskaka kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Kin ce kakanki ya yi soja tun zamanin Faransa har ya je Aljeriya, kina so ki rubuta tarihinsa saboda na baya, amma ba abin da ya rage sai hoto ɗaya da ƙaramin littafinsa na soja, kina tambaya ta ina za ki fara. Wallahi ina karantawa hawaye na zubo mini, don ciwon nan na san shi.

Littafin nan, don girman Allah, kar ya bar hannunki. Ko wa ya ce ki kawo, ko baffanki ne, ki ɗauki hoton kowane shafi da waya ki ba shi hoton. Mu nan Tawa abin da ya cuce mu ke nan.

Namu tsohon, wato kakanmu, yaƙin Indoshin (yankin su Biyetnam na yanzu) ya yi kafin a kai su Aljeriya. Kun dai san yadda aka yi musu da fansho, tun dokar ƙarshen 1959 aka daskarar da kuɗinsu wuri ɗaya, abokan yaƙinsu Turawa na samun ƙari, su ko shiru. Da aka zo 2011 aka ce za a daidaita kuɗinsu da na Turawan, amma sai mutum ya nema a rubuce, sai ga wani ya ɓullo daga Yamai da jaka a hammata, wai ya san hanya. A zauren gidanmu ya zauna. Ni na kai masa fura da hannuna. Yana ta "Baba, Baba", har da durƙusawa. Tsoho ya tashi da kansa ya buɗe akwatin ƙarfen da ko kakarmu ba ta taɓawa, ya warware tsumman da ya naɗe littafin, ya haɗa da takardar sallamarsa da kuɗin mota ya miƙa masa. Bai sake dawowa ba. Waya a kashe. Aka je Yamai nema, aka ce ba a san mai wannan suna ba. Abin da ya fi ci mini rai, tsoho bai taɓa zaginsa ba. Kullum bayan la'asar sai ya sa a fitar masa da kujera ƙofar gida, duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga kai. Har ciwon ajali yana tambaya ko yaron nan ya aiko. Mutumin da harsashi bai kayar ba, a ce sa'an ɗan cikinsa ne zai yi masa haka? Ni ban yafe ba. Mahaifiyata na cewa in bar shi da Allah, to na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma sai mun tsaya gaban Ubangiji.

Ki duba shafin farko na littafin kakan naki, akwai lambarsa ta soja, da shekarar da aka ɗauke shi, da garin da aka rubuta shi. Wannan lambar ita ce komai. A garin Pau na Faransa akwai ma'ajiyar takardun sojoji, har da na ƙasashenmu da suka yi musu aiki. Iyali na iya rubuta wasiƙa su nemi takardar da ke nuna ranar shigarsa, rundunar da ya zauna, jirgin ruwan da ya hau, da ranar sallama. Ki rubuta sunan daidai yadda Bature ya rubuta a littafin, ko da ya karkata shi, don da shi za su bincika. Ofishin jakadancinsu na Yamai a rufe yake tun farkon 2024, sai dai ki aika kai tsaye ko ki bi ta hannun wani naku da ke can. Ki leƙa ofishin tsoffin sojoji ma, ki tambayi ko kakarki na da haƙƙi a fanshonsa. Ki je da namiji babba, kuma kar ki bar asalin takarda a teburin kowa.

Amma ni da za ki ji tawa, kakarki za ki fara nema. Ki bari ta ɗan samu natsuwa cikin takabar nan, ki zauna kusa da ita da dare ki kunna rikoda a waya. Kar ki ce ta ba ki labarin yaƙi, ki tambaye ta yadda ya dawo, da me ya zo, wa ya tarbe shi. Sauran zai biyo da kansa. In akwai abokin zamansa da ya rage a unguwa, ki je masa da goro tun wannan satin, sun kusa ƙarewa.

Kuma kar ki cika takardar da bindiga kaɗai. Namu bai cika son zancen ba. Abin da ya fi faɗa shi ne matsattsakun fadamun shinkafa na Indoshin, yadda suke liƙe wa mutum a ƙafa sai an sa musu wutar taba. In hadari ya taso da tsawa sai ya shige ɗaka ya yi tsit, mu yara ba mu gane dalili ba. Amma kafin kiran assalatu ya riga kowa tashi, ya ninke bargonsa tsaf, ya tashe mu alwala. Shi ke goya ni a keke zuwa lakwal, yana cewa a ba shi hanya ya ɗauko amaryarsa. Ran da aka biya su ƴan kuɗin nan, sai ya dawo da kilishi a aljihun riga, ya jera mu daga ƙarami zuwa babba, ba wanda zai ci sai kowa ya samu. Ƴaƴana ba su san sunan rundunarsa ba, amma sun san wannan, har suna yi wa junansu.

Hoton nan ma ki kai a wanke da yawa ki raba wa gwaggonninki, kar ya zauna gida ɗaya. Mu namu damina ce ta ci shi da ɗaki ya yi yoyo. Kuma ranar sadaka ki sa a ambaci abokansa da ba su dawo ba, da yawansu ba su bar mai yi musu addu'a ba.

In Faransancin littafin ya yi miki nauyi, don rubutun hannun mutanen wancan zamani ba ya karantuwa da sauƙi, ki turo mini hoton shafukan ni kaɗai, kar ki saka lambar a fili. Maigidana malamin lakwal ne, zai karanta mana, mu haɗu mu tsara wasiƙar.