Da gaske an yi kunama mai girman mutum?

Tambaya: Malam, ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa wai a zamanin da can an yi kunama mai girman mutum. Na ce masa tatsuniya ce. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki yi haƙuri, yaron ya fi ki kusa da gaskiya, sai dai shi ma ya haɗa dabbobi biyu wuri guda.

Kunama ta gaske wadda ta yi suna wajen girma ita ce Pulmonoscorpius. An tono burbushinta a wata mahaƙar duwatsu da ake kira East Kirkton a ƙasar Sikotilan, kuma masani Andrew Jeram ne ya raɗa mata suna a 1994. Ta rayu shekaru kusan miliyan 340 da suka wuce. Tsawonta yakan kai santimita 70, wato kamu ɗaya da rabi. Duwun nan baƙi na dazukan Afirka ta Yamma, da nake ganinsa in ja da baya, da ƙyar yake wuce santimita 20.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gane ta. Sai da aka narkar da dutsen da ruwan asid, ɓawon jikinta ya fito. Waɗanda aka samu cikakku ƙanana ne. Daga gutsattsarin manyan aka ƙiyasta wancan tsawon. Tana da manyan idanu a gefen kai, abin da ya sa masana ke ganin da rana take farauta, saɓanin namu da ke laɓewa ƙarƙashin tukunya sai dare ya yi. A lokacin kuwa Sikotilan ba ƙasar sanyi ba ce, tana yankin zafi na tsakiyar duniya, ga duwatsu masu aman wuta.

Mai girman mutum da ɗanki ya ji labari, ina kyautata zaton Jaekelopterus ce. A 2007 aka ba da labarin wani ƙaton hannunta mai tsawon santimita 46 da aka samu a Jamus, aka lissafa jikinta zai kai mita 2 da rabi. Ana ce mata kunamar ruwa, amma dangi ce kawai, a cikin ruwa ta yi rayuwarta.

Ki gaishe min da yaron. Ki sa shi ya auna santimita 70 a tsakar gida da tef ɗin tela, ku tsaya ku kalla tare.